Ranar da Bappa Ya Zauna a Kujerar Mambobi

Jikata da ƙawayenta suna sayar da abinci ta waya yanzu. A turo musu saƙo, su dafa, mai babur ya zo ya ɗauka. Rannan ina taya su tsintar shinkafa na ce ni ma na yi shekaru ina girkin kulob, sai ɗaya daga cikinsu ta ce, "Ai ke kin huta, Hajiya. Manya kawai kike dafa wa, ba ciniki, ba rigima." Na ce mata manya ma suna da ciki, kuma suna da doka. Ba ta gane ba, shi ya sa na zauna na rubuta musu wannan.

Da aka cire Kebbi daga jihar Sakkwato, 'yan ƙasarmu da suka daɗe suna aikin gwamnati a Kaduna da sauran wurare suka dawo gida. Kaɗan daga cikinsu sun dawo da wani wasa da ake kira golf. Mutanenmu ƙwallon rami suke ce masa. Ɗan farin ƙwallo ne mai tauri, bai kai ƙwan agwagwa ba, mutum ya buge shi da sandar ƙarfe, ya bi shi a ƙafa, ya sake bugawa, har ya faɗa wani ƙaramin rami da aka kafa wa tuta. Wanda ya yi bugu mafi kaɗan shi ya ci. Suka sami wani fako tsakanin Jega da Aliero, wanda ko gero ba ya yi a cikinsa, suka gina rumfar kwano da kujeru, kicin a bayanta, da ɗaki biyu na mai kula da fili. Maigidana, wanda zan riƙa ce wa Malam, shi aka ɗauka. Ba ciyawa a filin. Kewaye da kowane rami yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai, Malam ya ɗaura buhu a sanda yana ja a kai har ya kwanta sumul. A can muka tare.

Kuku kuwa da shi suka zo daga Kaduna, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba Kuku. Hannunsa ya fara rawa, tukunyar ƙarfe ta fi ƙarfinsa, ana neman mai taya shi. Ni kuma na gama sakandare na yi aure, ina zaune a gida, tsakanina da kicin ɗin zana ɗaya ce. Malam ya yarda bisa sharaɗi biyu, ba giya a wurin, kuma ni a baya zan tsaya. Kyaftin, wato shugaban 'yan wasan, wani likitan dabbobi ne mai yawan dariya, ya ce, "Mai son wancan abin ya san hanyar da zai bi. Nan fura muke so."

Aikina na farko daka ne, kuma shi ne darasina na farko. Asabar da safe na zuba tattasai da daddawa a turmi, na kama yi da ƙarfina, don in nuna ba raguwa aka kawo ba. Ban ankara ba sai ga Baba Kuku ya riƙe taɓaryar a sama.

"Ɗiyar boko, tsaya. Leƙa nan."

Na leƙa ta ɓular zana. Ga wani mutum ya ware ƙafa, ya sunkuyar da kai, ya ɗaga sanda. Abokansa suna tsaye gefe kamar ana jana'iza.

"In kin ga an ɗaga sanda, ba daka, ba tari, ba gaisuwa," in ji Baba Kuku. "Ko kazarki ce ki kama mata baki."

"Ba gaisuwa, Baba? Mutum na aiki a wuce shi?"

"A wuce shi. In ya buga, ki gaishe shi har gobe."

Daga ranar duk dakan Asabar ranar Juma'a nake yin sa. Yaji, daddawa, geron fura, shinkafar masa, komai. Asabar turmi kife yake wuni.

Sauran dokokin a hankali na koye su, Baba Kuku yana yanka albasa yana karanta mini. Ba a shiga fili da babbar riga ko silifa, sai taguwa mai wuya da takalmi rufaffe. Ba ka taka yashin da ke tsakanin ƙwallon wani da rami, ba ka bari inuwarka ta faɗa a kai. In ka ga ƙwallo yashe a ƙasa ba ka taɓa shi, ko da ka san mai shi, don inda ya tsaya nan mai shi zai zo ya buga. Ba a zama memba sai tsofaffin mambobi biyu sun tsaya wa mutum, sun ce sun san halinsa. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce, wasan ba shi da alƙali. In mutum ya motsa ƙwallonsa bisa kuskure a bayan wata gwandar daji, inda ba mai ganinsa sai Allah, shi zai zo da bakinsa ya ce a ƙara masa bugu ɗaya. Na ce wa Baba Kuku wannan kam ba wasa ba ne, wa'azi ne. Ya ce wasu na yi, wasu ba sa yi, kuma kowa ya san waye waye.

Masa ita ce ta fi wahala. Mambobi ba a tare suke dawowa daga fili ba, rukuni-rukuni ne, kuma masa in ta huce ta zama fata. Sai na sami alama. Akwai wata tsamiya kafin rami na ƙarshe. In na hango hulunan farko sun iso gindinta, sai in shafa wa tanda mai in fara zuba ƙullu. Kafin su buga su ƙarasa su wanke hannu, ta nuna, miyar taushe tana jira a gefen murhu. In na zuba tun kafin tsamiya, ta yi sanyi. In na bari suka wuce ta, su zauna suna kallon tebur. Nono wata Bafillatana ke kawo mini daga wajen Fagada, in zuba a tulu in binne rabinsa cikin jiƙaƙƙen yashi. Kifi kuwa Malam ke sayowa a bakin gulbi a Jega, ni in duba ido da ƙasan kunne kafin in yarda ya shiga tukunyata. Baba Kuku ya koya mini har da duban fuska. Wanda ya shigo yana surutu ya ci wasa, shi ko mene ne ka ba shi zai yaba. Wanda ya shigo shiru ya jefar da jakar sandunansa, shi ake fara kai wa ruwa mai sanyi, kuma ba a tambayarsa yaya fili.

Shekarar da ta ba mu wuya ita ce wadda siyasa ta yi zafi. 'Yan takara suka gane cewa manyan ma'aikata a kulob suke ranar Asabar. Sai su zo neman su, kowa da motar magoya baya, har da maroƙa. In dafa wa mambobi, kafin su dawo daga fili an sharce tukunya, wani ma yana tambayar ko akwai ƙanzo. Akwai ranar da Kyaftin ya ɗaga sanda, wani maroƙi ya kurma masa kirari daga baya, ƙwallo ya tafi can cikin gonakin mutane. Mambobi suka fara janyewa. Asabar ta zo, mota biyu uku. Na ga murhun zai mutu, ni da kaina na ce wa Baba Kuku ya kai kukana gaban Sakataren kulob.

Sakatare mutumin wajen Andarai ne ta ƙasar Maiyama, amma a Kaduna ya yi rabin rayuwarsa. Dogo ne, ba ya dariya, taguwarsa kullum kamar yanzu aka ɗauke dutsen guga. Ya zauna ya tsara doka. Ba wanda zai zauna a rumfa ko ya ci abincinta sai memba, ko wanda memba ya shigo da shi ya ce a gaban mutane, "Baƙona ne." Memban da ya bar baƙonsa ba sanarwa, wata guda ba ya taka fili. Ma'aikaci kuwa ba shi da baƙo a rumfa, in ya shigo da wani, aikinsa ya ƙare. Ba a daɗe ba maigadi ya buɗe wa wasu 'yan garinsu suka shigo suka ci, aka sallame shi. Na tausaya masa, na ɗaure masa garin tuwo da zai tafi. Amma gaskiya dokar ta dawo da mambobi, ta dawo da murhuna. Na yi wa Sakatare addu'a ba sau ɗaya ba.

Bazarar da ta biyo baya, lokacin cirar albasa, aka shirya gasa da baƙi daga Sakkwato. Na yi tuwon shinkafa, farfesun kifi, masa, fura, har da zoɓo. Wajen hantsi ƙanƙara ta ƙare, Baba Kuku ya bi wata mota zuwa Jega ya sayo. Malam yana can fili da buhunsa. Ni kaɗai ce a wurin. Rana ta take, kwanon rumfa har ƙara yake yi.

Na fito da mayafina ina jera faranti, sai na ji sallama. Muryar da na sani tun ina goye.

Bappa Manu wan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya hana a cire ni daga makaranta. A Jiga Makera yake zaune, amma yana da gonar albasa a fadamar da ke bayan filin kulob. Bai taɓa shigowa ba sai ranar. Ga shi tsaye bakin rumfa, 'yar shara jiƙe da gumi, ƙafa duk taɓo, yana riƙe da ƙwarya. Leɓensa ya bushe fari, yana numfashi da baki.

Na durƙusa na gaishe shi.

"Dije, ashe nan kike. Lahiya lau. Ina masu wurin ga?"

"Suna fili, Bappa."

"Na gan su. Na gaishe su duka, ɗai-ɗai. Mutane ne masu nauyin baki, amma daga baya sunka riƙa ɗaga min hannu daga nesa, ni ma na ɗaga musu."

Ya miƙo ƙwaryar, cike take da fararen ƙwallaye.

"Cikin fangalin albasata nike tsintar su in ina ban ruwa. Na ce kayan mutane ne, ba su zama wurina." Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani daban, mai ɗigon jan tawada. "Wanga kau yanzu na tsince shi bisa hanya. Mai shi nike nema in ba shi abinai hannu da hannu."

Na san ɗigon. Sakatare kaɗai ke sa ja.

Yana cikin magana na ga ya dafa ginshiƙin rumfa, ƙafarsa ta ɗan lanƙwashe. Gidanmu yana bayan kicin, sai an zagaya ta cikin rana. Kujera kuwa ga ta nan a gabansa. Na san dokar, ni na roƙa a kafa ta. Na jawo kujerar na ce ya zauna. Na dama fura da nonon tulu na ba shi, ya shanye, na ƙara. Ga abinci jere a gabansa yana ƙamshi. A gidan da na tashi ba a ajiye abinci gaban babba a ce ya kalla. Na ce, "Bismilla, Bappa," na zuba masa tuwo da kifi.

Yana tsakiyar ci suka iso, Sakatare a gaba, baƙin Sakkwato a bayansa. Daga baya Malam ya gaya mini abin da ya faru a fili. Sakatare ya yi bugu daga nesa a rami na ƙarshe, bugun da zai raba gardama. Suka hango tsoho ya sunkuya ya ɗauki wani abu ya yi gaba, suka yi ta ɗaga hannu. Da yake ba wanda ya ga ainihin inda ƙwallon ya tsaya, Sakatare ya ajiye wani can baya, don kada baƙi su ce ya matso da shi. Ya buga, bai shiga ba. Sakkwatawa suka ci.

Bappa ya ga mutane ya yi ƙoƙarin tashi, ya kasa, sai ya ɗaga hannun da ba miya.

"Sannunku da rana. Bismilla, ku taho mu ci. Wa ad da wanga mai jan tabo?"

"Nawa ne," in ji Sakatare.

"Alhamdu lillahi, kai nike nema. Allah ya so ka, ɗana. Bakin wani rami na ishe shi, saura ɗan yatsa shi hwaɗa ciki."

Kyaftin ya juya baya yana tari. Baƙin suka duƙar da kai. Sakatare ya karɓi ƙwallon, ya ce, "Madalla," bai ƙara ba. Ya dubi farantin, ya dube ni. Bai ce komai a gaban tsoho ba, wannan kam na shaide shi. Sai da Bappa ya wanke hannu ya sa albarka ya tafi, baƙi suka hau mota, sannan ya kira Baba Kuku.

"Wa ya shigo da shi?"

"Ba na nan, ranka ya daɗe."

"Na san ba ka nan. Kwamiti zai zauna Asabar mai zuwa, bayan la'asar. Ta zo da mijinta."

Makon nan na wanke tukwanen kulob tas, na kankare tanda, na jera komai yadda mai zuwa bayana za ta same shi. Baba Kuku ya yi ta faɗa, rabi da ni, rabi da ƙanƙara. Malam bai zarge ni ba. Abin da ya ce kawai, da shi ne ma haka zai yi, amma da ya zaunar da shi a ƙasa. Na ce masa in zaunar da Bappa a ƙasa ga kujera babu kowa?

Ranar Laraba da yamma motar Sakatare ta tsaya ƙofarmu. Ya ce Malam ya raka shi gonar tsohon nan, zai gaya masa ya daina ratsa fili. Na roƙi Malam a ɓoye kada a bari Bappa ya san abin da ake ciki. Na san shi. In ya ji an kore ni saboda lomarsa, ba zai ƙara cin abincin gidana ba har ya mutu.

Da suka dawo Malam ya shigo da rabin buhun albasa a kafaɗa. Na ce yaya aka yi.

Ya ce sun iske Bappa gindin mangwaro yana cin dambu da ƙuli-ƙuli da ɗanyar albasa. Kafin Sakatare ya buɗe baki, Bappa ya shimfiɗa masa buhu ya ce bismilla. Sakatare ya ce ya ƙoshi. Bappa ya ce, "Ni na ci naku, kai ba ka cin nawa?" Sai ga Sakatare zaune a kan buhu da gugaggen wando, yana cin dambu. Bappa kuma ya kama yabo. Ya ce ya gaya wa duk Jiga Makera, har a masallaci, cewa mutanen ƙwallon rami 'yan halak ne. Da ana cewa masu girman kai ne, shi ya je ya gani da idonsa. Sun zaunar da shi bisa kujera, sun ba shi kifi, ba wanda ya tambaye shi ko ɗan wa ne.

"Shi kuma me ya ce?" na tambayi Malam.

"Ba abin da ya ce. Ya ci ya wanke hannu."

"Maganar ratsa fili fa?"

"Bai yi ta ba. A mota ma bai yi mini magana ba. Albasar nan ma shi aka ba, ya ce in sauke a kicin."

Ban san yadda zan fassara wannan ba. Ranar da ya sallami maigadi ma bai ɗaga murya ba.

Asabar bayan la'asar suka zauna a rumfa. Na tsaya bakin ƙofar kicin, Malam a gefena, Baba Kuku yana goge farantin da ya riga ya bushe. Kyaftin ne ya fara, yau ba dariya.

"Malama Dije, kin san dokar baƙi?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni na roƙa a kafa ta."

"Ke kika zaunar da shi?"

"Ni ce."

"In ya dawo gobe fa?"

Malam ya yi gyaran murya. Na san abin da yake so in ce. Ni kuwa na faɗi gaskiyata.

"Ranka ya daɗe, wan mahaifina ne. In ya dawo cikin rana irin waccan, ban san da bakin da zan ce masa ya tsaya waje ba."

Wani memba, ma'aikacin ruwa, ya ce shi ba ya ƙin ta, masarta ma ba ta da ta biyu. Amma an sallami maigadi a kan wannan dokar. In aka ƙyale wannan, gobe kowa yana da bappa. Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Kyaftin ya shafa gemu ya dubi ƙasa.

Sai Sakatare ya miƙe. Ya gyara wuyan taguwarsa.

"Kafin a yanke, akwai gyara a ƙarar da na kawo. Doka ta ce ma'aikaci ba ya shigo da baƙonsa. Maigadi baƙinsa ya shigo da su, wurinsa suka zo. Tsohon nan ba wurinta ya zo ba, bai ma san za ya same ta ba. Ƙwallona ya ɗauka, ya biyo rana yana neman mai shi. Duk kun ji da ya ce ni yake nema. A garinmu, wanda ya tako ya zo neman ka baƙonka ne, ko ka gayyace shi ko ba ka gayyace shi ba. Na shigo na same shi zaune. A nan ya kamata in ce baƙona ne. Ban ce ba, don raina a ɓace yake. Ita ta tarbe shi a madadina."

Ma'aikacin ruwa ya ce, "To in baƙonka ne, ai akwai dokar wannan ma."

"Akwai. Wata guda."

"Sakatare," in ji Kyaftin, "ka tuna a cikin watan nan za mu je Sakkwato ramuwa?"

"Na tuna. Ni na tsara tafiyar."

"Kai ne wanda muke taƙama da shi."

"Sai ku yi taƙama da wani."

Kyaftin ya dube shi, sai dariyar da ya riƙe tun ranar gasa ta ƙwace masa. Ya ce saura ɗan yatsa. Duk rumfar ta ɗauka, har shi Sakatare sai da gefen bakinsa ya motsa. Kyaftin ya waiwayo ya ce, "Malama Dije, akwai sauran fura?" Na ce akwai. Na shiga kicin, na zauna a kan kifaffen turmi na yi hamdala. Baba Kuku ya shigo ya ce, "Ɗiyar boko, tashi, mutane na jira. Kuma ki mai da tukwanen nan inda suke, kin jera su kamar za a raba gado."

Na ci gaba da girkin kulob har Baba Kuku ya koma garinsu, kicin ya zama nawa. Daga baya aka yi ta canja wa mambobi wurin aiki, wasu suka yi ritaya, wasan ya mutu a hankali. Filin yanzu gidaje ne. Tandar tana nan wurina, ita jikata ke aro. Abin da nake so 'yan matan nan su ji shi ne, girkin wuri mai doka ba a tukunya yake ƙarewa ba. Sai kin san lokacin da za ki yi shiru, da wanda za ki fara ba ruwa, da kujerar da ba taki ba ce. Ranar da waɗannan suka ci karo da abin da aka koya miki a gida kuwa, sai dai Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, kamar yadda ya haɗa ni.

Watan hukuncin nan Sakatare bai fasa zuwa ba ko Asabar ɗaya. Ya sa taguwarsa da takalminsa, ya zauna a rumfa, yana kallon abokansa suna tafiya fili. Aka je Sakkwato ba shi, aka sake shan kashi. Ni kuma furar farko tasa ce, da nonon saman tulu.

Malam ya koya wa Bappa ya bi gefen fili, kuma in ya ga an ɗaga sanda ya ɗaga hannu kawai. Bappa ya yarda. Sai ya riƙa ɗaga hannun, sannan ya yi gaisuwar da baki. Mambobi suka saba, in sun hango shi sai su sauke sanda su jira ya wuce. Har ya rasu ba wanda ya gaya masa abin da kujerar nan ta so jawowa.

Tun a cikin watan hukuncin Bappa ya sake zuwa da ƙwaryarsa. Sakatare ya hango shi tun daga nesa, ya tashi ya tarye shi a bakin rumfa, ya karɓi ƙwaryar, ya ce da ƙarfi, ko da yake ba kowa a wurin sai ni da Baba Kuku, "Baƙona ne." Ya jawo masa kujera da hannunsa. Da Sakatare ya zagaya yin alwala, Bappa ya yafuto ni ya rage murya.

"Dije, wanga yaron kirki, mi yay yi sunka hana shi wasa? Kullum shina zaune, 'yan'uwanai na can."

"Baƙo ya yi, Bappa, bai tarbe shi da wuri ba. Shi ne aka hana shi wasa wata guda."

"Baƙo?"

"Dattijo ma."

Bappa ya ajiye ludayi ya girgiza kai.

"Ashe mutanen ga sun san abin da suka yi. Wata guda kau, sun yi mai sauƙi."

Na ƙara masa fura.